Injin markaɗe ko na roba-roba: wanne ya dace da ƙaramin babur?

Ƙaramin babur ɗin nan mai ƙiba a taya, wanda tsayinsa da kyar ya wuce gwiwar babban mutum, a Amurka ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1950 masu wasan tseren ƙananan motoci suka fara lanƙwasa bututun ƙarfe suna ɗora masa injin yankan ciyawa na Briggs & Stratton ko Tecumseh, daga baya kamfanoni irin su Rupp da Taco suka mayar da abin sana'a. Har yau ƙirar ba ta sauya ba: bututu, taya biyu, shimfiɗaɗɗen faranti a tsakiya, inji a kansa. Masu araha daga cikinsu, irin su Doodlebug DB30 da Coleman CT100U, da ɗan inji mai cc 97 ko 98 suke zuwa, ƙarfin doki 3 ko ƙasa da haka. Yaro zai ji daɗinsa. Babban mutum kuwa yana zama inji zai fara nishi, in aka tarar da ɗan tudu sai an sa ƙafa an taimaka masa.

Wanda ya samu irin wannan babur, ko cikin kayan gwanjo ko mai walda ne ya ƙera masa, ba ya daɗewa bai fara tunanin canjin inji ba. Injinan da suka cancanci a tsaya a kansu gida biyu ne, kuma duk biyun ba baƙi ba ne a kasuwanninmu. Na farko shi ne injin aiki mai igiyar ja, zuriyar Honda GX160 da GX200, wanda manoman fadama ke ban ruwa da shi, masu markaɗe ke niƙa da shi, shi ne kuma a cikin yawancin matsakaitan janaretocin gida. Na biyu injin babur ne na ainihi mai kwantacciyar silinda, irin na roba-roba, cc 110 ko 125, wanda tushensa Honda Super Cub ce ta 1958, kamfanonin birnin Chongqing na ƙasar Sin irin su Lifan da Loncin da Zongshen suka cika duniya da kwaikwayonsa.

Kafin a shiga kasuwa akwai lissafin da ya kamata mutum ya yi, domin shi ne ke hana da-na-sani. Yawancin masu neman babban inji gudu suke nema, alhali babban injin aiki ba gudu yake ƙarawa ba, ja yake ƙarawa. Ƙaramin mai cc 97 da babban mai cc 196 duk suna da gwamna a ciki, wadda ke tsayar da su a wajen juyi 3,600 a minti. Ɗauki taya mai lamba 145/70-6, wadda zagayenta ya ɗan haura mita 1.1. In farantin sarƙa na kuloci yana da haƙora 12, na baya yana da 72, sai inji ya juya sau 6 kafin taya ta juya sau ɗaya. Taya za ta yi juyi 600 ke nan a minti, wato kilomita 40 a awa. Ko wane inji ka ɗora, muddin gwamna na nan kuma faranti bai canza ba, a nan za ka tsaya. Bambancin shi ne ƙaramin ba ya ma iya kai ka can in kana da nauyi, babban kuwa zai kai ka cikin 'yan daƙiƙu, har ya ba ka damar sauya farantin baya zuwa mai haƙora 60 ka samu kilomita 48. Saboda haka gudun a faranti yake, inji dai shi ne ke biyan kuɗinsa.

Injin aiki shi ne wanda aka yi firam ɗin dominsa tun asali, shi ya sa ɗora shi ya fi sauƙi. Noti huɗu ne ke riƙe da shi a ƙasa, ramukan suna da tazarar kusan milimita 162 a tsawo da 80 a faɗi. Ramukan ƙaramin injin da ka cire ba za su yi daidai da waɗannan ba, sai an huda sababbi ko an yanka wani faranti mai kauri an ɗaura a kan na asali. Ka ce wa mai walda ya yi ramukan dogaye, ba zagayayyu ba, domin da tura inji gaba ko baya ake ɗaure sarƙa. Ba ruwanka da batir ko wayoyi, in ban da waya ɗaya ta makashin inji. Da tankinsa yake zuwa, da kafiretonsa, da salansarsa. Sai dai nan ma akwai ƙaiƙayi: in aka ɗora shi yadda ya kamata, igiyar ja tana dama, kuloci yana hagu, kan silinda yana kallon baya, daidai ƙarƙashin kujera. A ƙananan firam tankin da ke samansa ko salansar kan bugi bututun sama. Ka auna tsayi kafin ka biya kuɗi, kada sai inji ya zo gida ka tarar sai an cire tanki an nema masa wani wurin.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne shaf, sandar da ke fitowa daga gefen inji. Injin ɗaya ne a ido, amma shaf ɗinsa iri-iri ne gwargwadon aikin da aka yi shi dominsa. Na janareta bakinsa tsukakke ne, yana sirancewa zuwa ƙarshe, kuloci ba ya zama a kansa ko kaɗan. Ga shi kuma injin janareta ba a yi shi don a riƙa ƙara masa wuta ana ragewa ba, babu hannun totur, tankin ma na jikin janaretan ne. Na famfon ban ruwa yawanci zare gare shi a baki, inda fankar famfo ke ɗauruwa, shi ma bai dace ba. Wanda kake nema shi ne miƙaƙƙe mai tsagar maƙulli, irin wanda masu markaɗe ke sa wa fule. In ka je shago, gara ka faɗa kai tsaye: "Alhaji, na markaɗe nake so, mai ɗaukar fule, ba na janareta ba." Ko a miƙaƙƙen ma akwai kauri biyu. Akwai mai inci 3/4, wato milimita 19.05, wanda yawancin kulocin da ake yi wa kasuwar Amurka ke bi, akwai kuma mai milimita 20. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma kulocin 3/4 ba zai shiga shaf mai 20 ba ko da guduma, kulocin 20 kuma a kan shaf mai 19 rawa zai riƙa yi har ya cinye maƙulli. Ka sayi inji tukuna, a auna maka shaf da ma'aunin masu sassaƙa ƙarfe, sannan ka nemi kuloci. Wanda ke da tsohon injin janareta a gida zai iya canza masa karanshaf, amma in ya haɗa kuɗin karanshaf da tanki da kayan totur da ladan makaniki, sau da yawa sabon inji ya fi masa sauƙi.

A cikin gidan injin aiki, zaɓin gaske tsakanin mai cc 196 ne da mai 212. GX200 yana da faɗin fistin milimita 68 da tafiyarsa 54, shi ya ba da cc 196, kuma daga faɗin nan ne kwaikwayonsa na Sin suka samo lambar 168F. A lura, 168F ɗin kansa yana zuwa da cc 163 irin na GX160, yana kuma zuwa da 196, don haka a duba abin da aka rubuta a jiki. Mai 212, wanda shagunan Harbor Freight na Amurka suka yi wa suna da tambarin Predator, faɗinsa 70 ne da tafiya 55, danginsa kuma su ne masu lamba 170F. A can Predator ne sarki, saboda araha da yawan kayan ƙara masa ƙarfi. A nan kuwa ni 196 zan zaɓa. Tazarar cc 16 ba abin da za ka ji a jikinka ba ce, amma fistin da ringi da gasket na 168F duk garin da ake noman rani ko ake gyaran janareta za ka same su, daga Kofar Ruwa a Kano har Katako a Yamai. Lambar da ake mannawa a murfi kuwa, 6.5 ko 7 ko 7.5, kada ta ruɗe ka. Honda da kanta ƙasa da doki 6 take rubuta wa GX200 a ma'auninta na yanzu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Manya irin GX390 ba su da wuri a wannan magana. Nauyinsa ya haura kilo 30, kusan ninki biyu na GX200 mai kilo 16, shaf ɗinsa ma ya fi kauri, firam kuma ba zai ɗauke shi ba sai an yanka an ƙara. Haka injin babur ɗin acaɓa mai silinda a tsaye, irin CG 125 ko 150, tsayinsa kaɗai ya fitar da shi.

Injin aiki ba shi da giya, saboda haka dole ka yanke shawarar abin da zai haɗa shi da taya. Hanya mai araha ita ce kuloci mai kama kansa, wanda ke buɗewa ya kama ganga in inji ya kai wajen juyi 2,000. Yana da sauƙin ɗaurawa, babu abin lalacewa da yawa. Aibinsa shi ne giya ɗaya tak yake ba ka, kuma duk lokacin da kake tafiya a hankali zamewa yake yi yana ɗaukar zafi. A kan daɓe ko busasshiyar hanya ba laifi. A cikin rairayi, ko a lungun da sai ana tsayawa ana tashi, zai yi zafi har gangar ta canza launi, ya mutu da wuri. Ɗaya hanyar ita ce fule biyu da bel masu sauya giya da kansu, tsarin da ke cikin sikuta, wanda Comet TAV2 da kwaikwayonsa suka shahara da shi. Yana tashi da ragi wajen 2.7 bisa 1, yana ƙarewa a 0.9 bisa 1, ma'ana ja ya kusa ninka uku a wurin tashi, sannan gudu ya ɗan ƙaru a sama. Wannan ƙarin, a ganina, ya fi ƙarin cc amfani nesa ba kusa ba. Kuɗinsa ya fi, yana ƙara wa inji faɗi, wani lokaci sai an ɗaga inji da ɗan tsayi kafin fulen baya ya kuɓuce wa firam, kuma sai murfin gefen injinka yana da ramukan noti huɗun da ake ɗaura shi. Bel ɗinsa ma na musamman ne, gefe ɗaya miƙe gefe ɗaya a karkace, na injin niƙa ba ya maye gurbinsa. In za ka yi odarsa, ka haɗa da bel na ajiya.

Sai maganar gwamna, wadda ba yadda za a yi a kauce mata, domin duk wanda ya gane lissafin da ke sama abin da zai fara faɗo masa shi ne a cire ta. In aka cire, inji zai haura juyi 5,000 kafin bawul su fara kasa rufewa. Amma fulawil ɗin injinan nan, wato faifan nan mai nauyi da ke juyawa a gefen igiyar ja, zubin ƙarfe ne da maganaɗisu a jikinsa, an yi shi ne don 3,600, kuma in ya fashe a babban gudu tsakanin ƙafafunka yake. Sandar fistin ma zubi ce, mai kuma fantsama shi ake yi da ɗan cokali a gindinta, babu famfo. Masu tsere a Amurka da ke cire gwamna suna canza fulawil da sandar fistin zuwa waɗanda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam, su canza sifirin ɗin bawul, kuɗin kayan kan kai na injin ko su wuce. Wanda ba zai sayi waɗannan ba ya bar gwamna inda take. Abin da za a iya cirewa ba fargaba shi ne na'urar da ke kashe inji in baƙin mai ya yi ƙasa, domin a kan babur mai yana tangaɗi, sai ta riƙa kashe maka inji a kan kowane gargada. Amma daga ranar da ka cire ta, kai ne na'urar: lita 0.6 kacal na baƙin mai yake ɗauka, a duba kafin kowace fita.

Injin roba-roba wani hali gare shi daban. Mai 110 ainihin cc 107 ne, ƙarfinsa wajen doki 7, amma sai ya kai juyi 7,500 ko sama yake ba da shi. Ƙarfin murɗawarsa kusan rabin na GX200 ne, wanda ke ba da Nm 12 zuwa 13 tun daga juyi 2,500. Abin da ke rama masa shi ne giya huɗu. A giya ta ɗaya zai hau tudun da kuloci mai kama kansa zai ƙone a kai, a ta huɗu kuma zai wuce kilomita 60 ba tare da an taɓa masa komai ba, domin don wannan juyin aka ƙera shi. Yana da famfon mai, yana ba da wutar fitila, ba ya shan fetur kamar injin aiki, wanda Honda ta ƙiyasta masa lita 1.7 a awa in yana cikakken aiki. Makaniki kuwa ba sai an nema ba, kowane bakin titi akwai wanda ya san cikinsa. Akwai mai kulocin hannu, akwai wanda ƙafa kaɗai ke sa giya; ga ƙaramin babur na biyun ya fi sauƙi, an huta da waya ɗaya da hannu ɗaya.

Wahalarsa a ɗorawa take. Wannan inji ba a zaune yake ba, rataye shi ake yi da dogayen noti biyu da ke ratsa bayansa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Firam mai shimfiɗaɗɗen faranti ba shi da inda za a rataye shi, sai mai walda ya ƙera kunnuwa, kuma sai sun daidaita sarai yadda ƙaramin farantin sarƙa zai kalli na baya a layi ɗaya. In aka kuskure da 'yan milimita, sarƙa za ta riƙa zamewa har ka gaji. Silindarsa tana miƙewa gaba, tana neman wurin da a gajeren firam tayar gaba ko bututun gaba ya riga ya cinye. Bayan haka ga tanki na daban da dole ya zauna sama da kafireto, ga salansa da za a lanƙwasa, ga CDI da kwayil masu ba fulogi wuta da wayoyinsu, ga wurin da kik zai sauka ba tare da ya bugi firam ba, ga matakin ƙafa da dole ya zo kusa da sandar giya. Sarƙarsa 420 ce ko 428, don haka in farantin bayanka na siririyar sarƙa mai lamba 35 ne, shi ma sai an canza. Aikin yini ɗaya a injin markaɗe, a nan aikin mako ne ga gwanin walda irin na Panteka, kuma nauyin ya haura kilo 20.

Amma in babur ɗinka ɗan gidan Honda Monkey ne ko Dax, wato ƙananan baburan Honda masu kwantacciyar silinda, ko kwaikwayonsu masu cc 50 da 70, ko ƙananan baburan tsere na yara masu irin wannan inji, to magana ta juya gaba ɗaya. Ramukan ratayen nan biyu kusan iri ɗaya ne daga 50 har 125, sai ka sauke wancan ka rataya wannan, ka nemi kafireto da salansar da suka dace da shi. A irin wannan firam, injin markaɗe ne zai zama baƙo, kuma ba wanda zai ba ka shawarar sa shi. Akwai masu cc 140 irin YX, amma zafinsu ya fi, yawanci sai an haɗa musu da na'urar sanyaya mai, kayansu kuma ba kamar na 110 ba wajen samuwa.

Zafi ma abin dubawa ne ga mai zaune a Sakkwato ko Maraɗi. Injin aiki yana da fanka a jikin fulawil, yana hura wa kansa iska ko yana tsaye, don an yi shi ne ya yini a gona a wuri ɗaya. Na roba-roba iskar tafiya yake jira. In amfanin babur ɗin zagaye ne a hankali cikin gona ko fili a tsakiyar bazara, na farko ya fi jurewa. Ƙura kuwa ba ta bar kowa ba, kada a yarda a cire matatar iska don neman ƙara.

Duk wanda ka zaɓa, ka tuna firam ɗin da birkinsa don doki 3 aka yi su. Yawancin baburan nan birki ɗaya gare su a baya, ba su da shokozoba a baya, wasu har gaba. Gajeru ne, nauyin mahayi yana kan tayar baya, da inji mai ja sosai totur kaɗan zai ɗaga gaba. Wannan ne babban dalilin da ya sa ba na son injin mai giya a kan firam mai faranti: zai kai ka gudun da ƙananan tayoyin nan da birki ɗaya ba za su iya dawo da kai daga gare shi ba. Kafin inji, a duba walda a wuyan firam da gindin faranti, a gyara birki, in da hali a mayar da shi na mai. A sa makashi a kan hannu inda babban yatsa zai kai, a ƙara sifirin mai mayar da totur. Murfin sarƙa da kuloci kuma ba ado ba ne, musamman ga mai hawa da kaftani ko jallabiya, domin kulocin yana juyawa ne daf da idon sawun hagu. Hular kwano dole ce, kuma wannan ba abin hawa kwalta ba ne, a Amurkan ma yawancinsu ba a yarda su hau titi ba.

Mai firam mai faranti, wanda abin da ke damunsa shi ne babur ba ya jan babban mutum, ya nemi 196 mai miƙaƙƙen shaf, ya bar masa gwamnarsa, in aljihu ya yarda ya sa fule da bel maimakon kuloci. In kuɗin bai kai ba, kuloci da babban faranti a baya, haƙora 72 ko fiye, ya haƙura da gudu don kulocin ya daɗe. Mai firam irin na Monkey ya sa 110, ko 125 in birkinsa na gaba da na baya duk suna kamawa. In kuma babur ɗin na yaro ne ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu, a bar masa ƙaramin injinsa, a wanke kafireto, a canza fulogi, a ƙara wa farantin baya haƙora. Sau da yawa nishin da ake ji daga nan yake.